Tsaftar jiki a lokacin balaga: me ke sa matashi ya ƙi wanka, kuma me iyaye za su yi?

Ƙin wanka, maimaita riga ɗaya kwana da kwanaki da sakaci da goge baki na daga cikin abubuwan da ke yawan haddasa rigima tsakanin iyaye da 'ya'yansu masu tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade shekarun tasowa daga 10 zuwa 19. Sau da yawa ana ɗaukar lamarin ƙazanta ce ko taurin kai kawai, alhali yana iya samo asali daga sauyin jiki, ƙarancin ruwa, kunya, ko rashin lafiyar da ba a gano ba.

Abin da ke sauyawa a jiki

Balaga kan fara ne tsakanin shekara 8 zuwa 13 ga 'yan mata, da 9 zuwa 14 ga samari. A wannan lokaci wasu hanyoyin zufa da ke hammata da matsematsi, waɗanda ba sa aiki sosai a ƙuruciya, suna fara fitar da gumi mai kauri da maiƙo. Shi kansa gumin ba shi da wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata ne ke cin sa, su fitar da abin da hanci ke ji. Gashin da ya tsiro a wuraren yana riƙe danshi, abin da ke ƙara musu wurin zama. Fatar fuska da ta kai ma tana ƙara maiƙo, daga nan ƙurajen balaga ke fitowa.

Ke nan irin wankan da ya wadatar da yaro ɗan shekara 8 ba zai wadatar da shi ba yana da 13. Shi kuma matashin sau da yawa ba ya jin warin jikinsa, domin hanci yana sabawa da warin da yake shaƙa kullum. Idan ya ce bai ji komai ba, yana iya kasancewa gaskiya ya faɗa. Haka kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsara aiki da hangen sakamako, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Shi ya sa ake ganin matashin da ya san amfanin wanka amma yake ta jinkirta shi har dare ya yi.

Dalilan da suka fi yawa

Na farko shi ne rashin koyarwa. Iyaye kan daina yi wa yaro wanka yana ɗan shekara 6 ko 7, su ɗauka ya iya, alhali babu wanda ya nuna masa yadda ake cuɗa hammata, bayan kunne da tsakanin yatsun ƙafa.

Na biyu shi ne ruwa da makewayi. A unguwanni da yawa na Zinder, Maradi, Njamena ko Marwa, gida kan dogara ne da jarkar 'yan ga-ruwa ko famfon unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum ɗaya a rana a matsayin mafi ƙarancin abin buƙata, kuma ko wannan adadi da ƙyar yake isar wanka da wanki bayan sha da girki. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gumi na ƙaruwa ruwa kuma na raguwa. A lokacin hunturu sanyin ruwa ne ke korar yara. A gidan haya mai banɗaki ɗaya da ƙofar da ba ta rufuwa, budurwar da jikinta ya fara sauyawa tana iya gwammace ta haƙura da wankan.

Na uku shi ne neman 'yancin kai. Matashin da ake yi wa umarni a kan komai yakan riƙe jikinsa a matsayin wuri ɗaya da yake da iko a kai. Yawan faɗa a nan ƙara taurin kan yake yi.

Lokacin da abin ya wuce sakaci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Daina kula da jiki na daga cikin alamun ciwon damuwa, musamman ga wanda a da mai tsafta ne. Ya kamata a kai shi wurin likita idan ƙazantar ta haɗu da keɓe kai, sauyin barci ko cin abinci, faɗuwar sakamako a makaranta, ko baƙin cikin da ya wuce mako 2. Duk maganar da ta shafi son mutuwa ko cutar da kai ta gaggawa ce, ba a jira.

Shan tiramadol, wiwi ko shaƙar sholisho shi ma kan zo da watsi da tsafta. Yaron da aka ci zarafinsa ta hanyar lalata yana iya tsoron tuɓe kaya ko shiga banɗaki shi kaɗai. Masu lalurar galahanga kuma wani lokaci ba sa jure ƙamshin sabulu ko taɓawar soso. Akwai kuma 'yan kaɗan da fitsarin kwance ke binsu har balaga, suna ɓoye shimfiɗa saboda kunya. Wannan lalura ce da ake yi wa magani.

Cututtukan da ke biyo baya

Ƙazuwa tana zuwa da ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu. Wata ƙaramar halitta ce mai shiga cikin fata ke kawo ta, tana kuma yaɗuwa ta haɗa jiki da shimfiɗa, musamman a makarantun kwana da tsangayu. A 2017 aka saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Wanka kaɗai ba ya kashe ta: sai an shafa maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, an yi wa duk mutanen ɗakin magani lokaci ɗaya, an wanke tufafi da zannuwa da ruwan zafi. Makero a kai yana buƙatar maganin sha, kuma yana yaɗuwa ta hula, mataji da askar wanzami. Kwarkwata, ruɓewar haƙori da ciwon dasashi su ma suna cikin jerin. Wanka a tafki ko gulbi don tsimin ruwan gida na iya jawo tsargiya, wadda ake gane ta da jini a fitsari.

Abin da ya wadatar a kullum

Wanka da sabulu sau ɗaya a rana, da ƙari bayan ƙwallo ko aikin gona. Idan ruwa ya yi ƙaranci, buta ɗaya da tsumma mai tsabta sun isa a wanke fuska, hammata, matsematsi da ƙafafu. A sauya kamfai da singileti kullum, a shanya tawul da takalmi a rana. Yadin auduga ya fi na roba shan gumi. A goge baki sau 2 a rana da man goge baki mai sinadarin fulorayid, asuwaki kuma ya zama ƙari. Alif da aka jiƙa aka shafa a hammata yana rage wari, turare kuwa ba ya maye gurbin wanka. Mai jinin al'ada ta sauya ƙunzugu duk awa 4 zuwa 6, ko kafin nan idan ya jiƙe. Idan na ƙyalle ne a wanke da sabulu a shanya shi a rana har ya bushe sarai.

Yadda ake maganar

A keɓe ake yin ta, ba gaban ƙanne ko baƙi ba, kuma ba da sunayen gori irin su "ƙazami" ba. Ya fi kyau a fara da tambayar abin da ke hana shi, sannan a yi masa bayanin cewa kowa yana shiga wannan sauyi. A gidajen Hausawa, kunyar da ke tsakanin iyaye da ɗan fari kan hana irin wannan hira. Nan ne goggo, inna, kawu, kaka ko yaya suke da amfani, domin matashi ya fi sakin jiki da su.

A gidajen Musulmi, balaga ita ce lokacin da hukunce-hukuncen tsarki ke hawa kan mutum: wankan janaba, wankan ɗaukewar haila, alwala, da sunnonin wankan Juma'a, yanke farce da cire gashin hammata. Koyar da su a matsayin alamar girma ya fi tasiri a kan amfani da su wajen tsoratarwa.

Ɗaure wanka da wani lokaci sananne, kamar bayan sallar Asuba ko kafin Magariba, yana rage yawan tuni. Ba shi nasa soso, sabulu da bokiti, da barin sa ya zaɓi irin sabulun da yake so, yana sa ya ɗauki abin a matsayin nasa. A fara da abu ɗaya ko biyu, a yaba idan an ga ci gaba. Duka da hana abinci ba sa koyar da tsafta, sai dai su sa yaro ɓoye abin da ke damunsa.

Idan an tanadi ruwa da kayan wanka, an yi magana cikin natsuwa na wasu makonni amma babu sauyi, ko kuma wari da ƙaiƙayi sun ci gaba duk da wanka, mataki na gaba shi ne cibiyar lafiya mafi kusa, wadda a Nijar ake kira CSI. Yana da kyau a bar matashin ya gana da ma'aikacin lafiya shi kaɗai na ɗan lokaci, domin akwai abin da ba zai faɗa a gaban iyayensa ba.