Yadda manhaja ke lissafa fitowar rana da faɗuwarta a Birnin Kebbi

Manhajar da ke nuna lokacin fitowar rana da faɗuwarta aiki biyu take yi. Da farko tana lissafa matsayin rana bisa kwanan wata da inda gari yake a taswira, ta fitar da amsa a agogon GMT. Daga nan sai ta mayar da amsar zuwa agogon ƙasa. A wannan mataki na biyu ake yawan tafka kuskure.

Tun 1919 Najeriya take gaban GMT da awa ɗaya, agogon da aka ɗora a kan layin digiri 15 gabas da Girinwich. Birnin Kebbi kuwa tana kan digiri 4.2 ne kacal. Da yake kowane digiri minti 4 ne a tafiyar rana, garin yana bayan wancan layi da kimanin minti 43. Shi ya sa rana ba ta yin tsaka a nan sai wajen 12:27 a farkon Nuwamba, ko 12:57 a tsakiyar Fabrairu.

Wasu masu rubuta manhaja kan bi gajeriyar hanya: su raba digirin gari da 15 domin gano agogonsa. A Kano da Maiduguri dabarar kan dace. A Birnin Kebbi da Argungu kuwa amsar takan koma sifili, wato GMT, sai faɗuwar ranar da ta kamata a gani wajen 6:54 na yamma a ƙarshen Maris ta fito 5:54. Mai azumin da ya gaskata waya zai sha ruwa rana tana sama. Doka ce ke yanke agogon ƙasa, don haka hanya mafi aminci ita ce a kammala lissafi duka a GMT, sannan a nemi agogon daga kundin lokutan duniya da kwamfutoci ke amfani da shi, inda Najeriya duka ke ƙarƙashin sunan Legas.

Rubuta “ƙara awa ɗaya” kai tsaye ma yana da tarko. Najeriya da Nijar ba sa sauya agogo, amma ɗan kasuwar da ya sauka Ingila tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba zai tarar an matsar da nasu gaba.

Agogo ɗaya kuma ba ya nufin jadawali ɗaya: rana kan faɗi a Kano kimanin minti 17 kafin Birnin Kebbi, a Maiduguri kuwa kusan minti 36.