Labarin Mutuwar Tafkin Chadi da Bashin Sauyin Yanayi: Nazari daga Mindif

Tsakure: Wannan maƙala ta bi diddigin da'awar da ake yawan maimaitawa a tarukan sauyin yanayi, cewa Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari, ta auna ta da halin makiyayan Mindif a Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Matsayinta shi ne ƙarin gishirin masu neman diyya yana yi wa masu saɓa alkawari aiki.

Adadin yana da tushe. A 1963 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 kuma ya mayar da shi ƙasa da 2,000. Matsalar ita ce an tsayar da agogo a waɗancan shekarun fari. Binciken Binh Pham-Duc da abokan aikinsa, wanda mujallar Scientific Reports ta buga a 2020 bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna ɓangaren kudu na tafkin bai ci gaba da janyewa ba, ruwan ma ya ɗan farfaɗo. Amma hoton kwale-kwale a kan busasshiyar laka ya fi jadawali jan ido, don haka shi ake ɗauka zuwa zauren taro.

Daga Mindif, kudu maso gabashin Marwa, abin ya fi fitowa fili. Idan rani ya kama, garkunan yankin sukan gangara fadamar Logone, wadda Fulani ke kira yaayre, su ci ciyawar da ambaliya ta bari. Abin da ya fara kashe wannan ciyawa har da hannun mutum: madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafar kamfanin SEMRY ta tare ruwan da ke malala cikin fadamar, sai a 1994 aka buɗe masa hanya ya dawo wani sashe. Haka rikicin Musgum da Larabawan Shuwa na Disamban 2021, wanda ya kora dubban mutane daga Kusiri zuwa Chadi, an yi saurin rataya shi a wuyan yanayi, alhali ramukan kamun kifi da shanu ke faɗawa da rashin mai raba gardamar fili suna ciki dumu-dumu. Hukumar da ta ɗora wa sama laifi ta huta da amsa tambaya.

Za a ce wannan gyara yana rage wa Afirka ƙarfi a teburin ciniki, ita da hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Ƙorafin yana da nauyi, domin munafuncin ɗaya ɓangaren ba ɓoyayye ba ne. A taron Kofanhagen na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ƙungiyar OECD ta ce sai 2022 aka cika, kuma mafi yawan kuɗin gwamnatocin rance ne. Asusun asara da ɓarna da aka amince da shi a Sharm el-Sheikh ya tashi da kimanin dala miliyan 700 a Dubai a 2023, a taron da shugaban kamfanin man ADNOC ya jagoranta. Sai dai mai bin bashin da ya zo da takardar bogi, ko guda ɗaya ce, ya ba wanda ake bi damar yage sauran.

Akwai kuma illar da ta fi wannan. Labarin ƙafewa yana jan kuɗi zuwa mafarkai irin Transaqua, magudanar kilomita 2,400 daga kwarin Kongo zuwa tafkin, alhali abin da ke addabar yankin shi ne damina marar alƙibla. Manomin masakwa a Mindif yana dasa dashensa a kan laka bayan ɗaukewar ruwa, yana dogara da danshin da ƙasa ta riƙe. Ruwan da ya makara ko ya wuce kima duk ɓata masa lissafi yake yi. A 2022 da 2024 ambaliya ce ta ci gidaje da gonaki a Yagwa da sauran yankin Mayo-Danay, kuma jinga da magudanai da hasashen ruwa ake nema a can.