Gulbin Rima: Tarihin Ruwa da Halittu a Ƙasar Gobir

Gulbin Rima kogi ne da ke ratsa arewacin Jihar Sakkwato, shi ne kuma babban reshen Gulbin Sakkwato. Ruwansa na haɗuwa ne daga manyan rassa uku: Gagare, wanda ke bi ta Ƙauran Namoda, Bunsuru, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, da Gulbin Maraɗi, wanda ke shiga Nijar ya dawo Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Gagare da Bunsuru suna gamuwa a yankin Isa. Daga Sabon Birni gulbin yakan karkata kudu maso yamma, ya bi ta Goronyo da Wurno, ya sadu da Gulbin Sakkwato, su gangara Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa Kwara.

Zamanin teku

A yau mashigar teku, wato inda ruwan kogi ke gauraya da ruwan gishiri, tana can kudancin Nijeriya, inda Kwara ke ƙarewa. Amma shekaru miliyan 70 zuwa 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya sha malalowa ta tsakiyar Sahara har ya rufe yammacin ƙasar Sakkwato. Gabashinta, wajen Isa, tudu ne da koguna ke gangarowa daga gare shi. Masana duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun ƙasar sunayen wuraren da aka fara nazarinsu. Shimfiɗar Gundumi, wadda ta girmi tekun, yashi ce da tsakuwar tsofaffin koguna, har da itatuwan da suka zama dutse. Ta Taloka laka ce irin ta gaɓar teku. A shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, dangin damo da guza, wadda a 1972 aka sa wa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, tarin ɓawon halittun wannan teku ce.

Daga dausayi zuwa fari

Bayan teku ya janye, yanayi ya riƙa sauyawa tsakanin damshi da fari. Kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara na da tafkuna da ciyayi, kwaruruka irin su Tarka da Gulbin Kaba kuma suna ɗauke da ruwa mai yawa. Da damina ta gajarta sai suka ƙafe, Rima ya koma kogin da ke cika daga Yuli zuwa Satumba, ya ja baya da rani ya bar yashi da tafkuna.

Tsarin rayuwar gulbi

Halittun gulbin sun ginu ne a kan wannan cika da janyewa. Idan ruwa ya hau fadama yakan zubar da laka mai taki, ya jiƙa busasshiyar ciyawa da kashin dabbobi. Daga nan gansakuka da ƙananan ƙwari ke yaɗuwa, 'ya'yan kifi su ci, manyan kifaye kamar giwan ruwa da tsage su ci ƙanana, balbela da zalɓe da mutane su ɗebi rabonsu. Shi ya sa yawancin kifaye ke yin ƙwai a farkon cikar ruwa, kuma shekarar da ruwa ya mamaye fadama sosai ita ce shekarar kifi.

Rani kuwa yana tace waɗanda za su rayu. Tarwaɗa na da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita, don haka takan jure ruwan da ya ɗumame ya zama taɓo. Gaiwa ta fi ta dabara: tana da huhu, takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina, ta yi watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Zuriyar kifaye masu huhu ta kai kusan shekaru miliyan 400, kuma su ne kifayen da suka fi kusanci da dabbobin tudu masu ƙafa huɗu.

Mutane da gulbi

Fadamar Rima ta ja Gobirawa a ƙarni na 18, lokacin da Sarki Babari ya mayar da Alƙalawa babban birninsu. Birnin ya faɗi hannun masu jihadi a 1808, sannan a rabi na biyu na ƙarnin 19 Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni ba nisa da kufansa. Manoma na shuka shinkafa da damina, albasa da alkama da rani. Masunta na yin su a tafkuna. Fulani kuma na gangaro da shanu idan daji ya bushe.

Farin 1972 zuwa 1974 ya sa gwamnati ta duƙufa ga gina madatsun ruwa. An yi na Zobe a reshen Bunsuru, da na Jibiya a kan ruwan da ke zama Gulbin Maraɗi, da na Goronyo wanda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Sun bunƙasa noman rani da ruwan sha, amma sun sauya lokacin zuwan ruwa da yawan lakar da ke isa fadama. Ba su kuma kawar da ambaliya ba: a Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya cinye gonaki da ƙauyuka har kusa da birnin Sakkwato.