Holanci da Jawanci: Yadda Harshen Mai Mulki Ya Tafi, na Zaure Ya Zauna

Duk alhajin da ya tashi daga Kucheri ko Tsafe ya sauka Makka ya ga 'yan Indunisiya, domin babu ƙasar da ta kai su yawan mahajjata. Ƙabilar da ta fi yawa a cikinsu ita ce ta mutanen Jawa, wajen kashi 40 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Turawan Holan sun haura shekara 300 a tsibirinsu, amma da wuya ka sami ɗaya cikin alhazan nan da zai gaishe ka da Holanci. Mu kuwa, daga faɗuwar Sakkwato a 1903 zuwa 1960 shekara 57 ce kacal, ga shi har yau ɗan Kucheri ba ya shiga jami'a sai ya ci Turanci. Yaya aka yi haka?

Holanci da Jawanci ba su haɗa kaka ba. Holanci ɗan ɗaki ɗaya ne da Turanci da Jamusanci. Jawanci kuwa danginsa su ne Malayanci da harshen mutanen Madagaska, kuma masu magana da shi sun haura miliyan 60, wato sun ninka masu Holanci fiye da sau biyu. Tun ƙarni na 9 ake rubuta shi da baƙaƙen da tushensu ya fito daga Indiya.

Babban abin da ya raba su shi ne ladabi. Baholande yana da "jij" ga tsara da "u" ga babba, kusan yadda Bahaushe ke ce wa mahaifinsa "ku". Mutumin Jawa bai tsaya nan ba. Harshensa hawa-hawa ne: akwai ngoko na abokai da yara, akwai krama na manya da baƙi, kuma kalmomin ne kansu ke sauyawa. Cin abinci kaɗai, tsakanin tsara "mangan" ne, in kana faɗin naka cin a gaban babba "nedha", in babban ne ke ci "dhahar". Kafin ka buɗe baki sai ka san matsayinka da na wanda ke gabanka. Wannan ya zame wa baƙon mai mulki ƙarfen ƙafa, don in ya yi wa basarake ngoko ya ci mutuncinsa, in ya yi masa krama ya rusuna masa.

Su ma 'yan Holan ɗin ba koyarwa ta kawo su ba. Kamfanin ciniki ne, VOC, wanda aka kafa a 1602, ya gina Batabiya (Jakarta ta yau) a 1619 don kayan yaji. Sun tarar da Malayanci yana yawo a tashoshin jiragen ruwa, harshen kasuwa marar hawa-hawa, sai suka riƙe shi. Ko bayan rushewar kamfanin a 1799, da gwamnatin Holan ta karɓi ƙasar, Holanci ya zauna a hannun Turawa da 'ya'yan sarauta ƙalilan, irin su Kartini, wadda ta rubuta shahararrun wasiƙunta da shi. Sai daga 1901 aka ɗan buɗe ƙofar makarantu, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. A ranar 28 ga Oktoba 1928 matasa suka taru a Batabiya suka yi alkawarin ƙasa ɗaya da harshe ɗaya, suka ɗauki Malayanci suka raɗa masa suna harshen Indunisiya. Abin da ke burge ni shi ne mutanen Jawa, da yawansu da tsohon adabinsu, sun yarda aka tsallake nasu don a zauna lafiya. Japan ta haramta Holanci da ta mamaye ƙasar a 1942, aka shelanta 'yanci a 1945, shi ke nan. Abin da Holanci ya bari sai kalmomin aro, kamar "sepur" jirgin ƙasa da "pit" keke. Mai son jin Holanci da Jawanci a gari ɗaya yau sai ya je Surinam ta Kudancin Amurka, inda Holan ta kwashi leburorin Jawa tsakanin 1890 da 1939.

A nan Arewa, da farko hanyar ta yi kama da waccan. Turawan Ingila sun yi mulki ta hannun sarakuna, da Hausa. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya tsayar da ƙa'idar rubutun boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, Abubakar Imam na riƙe da ita. Amma Hausar Arewa ba ta zama Malayancin Nijeriya ba. Tun haɗewar Arewa da Kudu a 1914, Kudu ta yi nisa da Turancin makarantun mishan, kuma da 'yanci ya ƙarato babu yankin da ya yarda ya sauka wa wani. Turanci ya ci gadon da babu gardama a kansa.

Inda muka yi kama da mutanen Jawa sosai shi ne zaure. Da Musulunci ya kafu a tsibirin a ƙarni na 15 da na 16, malamansu suka lanƙwasa baƙaƙen Larabci suka rubuta harshensu, suka kira rubutun pegon. Ajaminmu ke nan, babu ragi. Har gobe ɗalibi a tsangayunsu, waɗanda suke kira pesantren, yana zaune gaban malami da littafin fiƙihu, malam na fassara kalma-kalma, shi kuma yana rataya ma'anar da pegon a ƙarƙashin layi. Wanda ya taɓa ɗaukar Ahalari ko Ishmawi a zauren wani malami a Gusau ko Bunguɗu ya san wannan zama. Kuma ƙasar Tsafe ba baƙuwa ba ce a nan: 'Yandoto, wadda ke cikin wannan ƙaramar hukuma, cibiyar ilimi ce da ɗalibai ke yi wa tattaki tun kafin jihadi.

Bambancin shi ne mutanen Jawa suna buga littattafan pegon ana sayarwa a kasuwa, mu kuwa mun bar ajami yana ja da baya, har aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007. A gidajen malamai na Kucheri da 'Yandoto da kewaye, duk inda gafaka ta rage da waƙoƙin wa'azi da wasiƙun kakanni, gara da damina da gudun hijirar rashin tsaro suna cin su. Ina roƙon magadan waɗannan gidaje da malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau su haɗa hannu a ɗauki hoton takardun nan, a kuma koya wa yara karanta su tun masu iya karantawar suna raye.