Fannonin da masanin tsara abinci zai iya ƙwarewa a kansu a digiri na biyu

Masanin tsara abinci shi ne jami'in lafiyar da ke tsara wa majiyyaci abin da zai ci gwargwadon cutarsa da shekarunsa. Digirin farko yana ba shi ginshiƙin sana'ar, a digiri na biyu kuma yake zaɓar ɓangaren da zai zurfafa. Zaɓin ba ƙarami ba ne, domin shi ke nuna inda mutum zai ƙare: asibiti, ko karkara, ko masana'anta, ko ɗakin bincike. A Amurka ma, tun daga 1 ga Janairun 2024, sai mai digiri na biyu ne ke iya zama jarrabawar rajistar wannan aiki.

Abincin majiyyata a asibiti

Nan ake koyon kula da masu ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda da sankara. Mai wankin ƙoda, alal misali, sai an ƙayyade masa gishiri da ruwa da sinadaran fotasiyam da fosfaras, a kuma ƙara masa abincin gina jiki, saboda wankin yana zare wani sashe nasa. Fannin ya haɗa da ciyar da wanda ba ya iya haɗiya ta bututu ko ta jijiya.

Abincin yara da iyaye mata

Wannan fanni ya fi shafar Arewacin Najeriya, inda tamowa ta yi kanta. Ana koyon auna damtsen yaro: idan kaurinsa bai kai santimita 11.5 ba, tamowarsa ta yi tsanani. Wanda ya galabaita akan kwantar da shi a fara da madarar F-75, sannan F-100, wanda kuma yake iya cin abinci a ba shi haɗin gyaɗa na musamman ya ci a gida.

Abinci da lafiyar al'umma

Mai wannan fanni da jama'a yake hulɗa, ba da majiyyaci guda ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Tattara irin waɗannan alƙaluma, da tsara shirye-shirye kamar sanya ayodin a gishiri da bitamin A a man girki da sukari, duk aikinsa ne. Ma'aikatun lafiya da hukumomi irin su UNICEF su ne manyan masu ɗaukarsa.

Sauran fannoni

Akwai abincin 'yan wasa, da na tsofaffi, da sarrafa abinci a masana'antu, da kuma binciken yadda jiki ke sarrafa sinadarai, wanda ya dace da mai burin digiri na uku.

Kafin a zaɓa

Jami'ar Ibadan da Jami'ar Najeriya ta Nsukka suna cikin waɗanda suka daɗe suna koyar da wannan ilimi. Kafin ɗalibi ya cike takardar neman gurbi, ya bincika ko sashen yana da asibitin koyarwa da zai yi aiki a aikace, ko akwai malamin da ya ƙware a fannin da zai duba bincikensa, sannan ya duba wuraren da waɗanda suka kammala gabaninsa suka samu aiki.