Zaure da Injuna a Ƙasar Gezawa

Ƙasar Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, gona na bin gona, da ƙyar a ga saura. A zamanin da, kowane aiki da wurinsa da lokacinsa. Maigida da 'ya'yansa su fita gandu da sassafe, sai azahar su tashi, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Baƙo kuwa, ko dillali ne ko mai bin bashi, iyakarsa zaure. Nan zai yi sallama, a aiki yaro ya kira maigida. In aka ce yana barci, to, magana ta ƙare.

Amma kada mai karatu ya zaci cikin gida wurin hutu ne. Matan kulle suna kaɗi, suna matsar mai, suna suyar ƙuliƙuli, 'yan mata su fita talla. Kuɗin na matar ne, miji ba shi da iko da ko anini.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, gyaɗa ta yi daraja, kafin ƙarshen 1930 kuma hanyar jirgi ta ratsa Jogana ta kai Nguru. Da fari a turmi mata ke ɓare gyaɗa, ana biyansu lada. Wajen shekarun 1950 sai ga injin ɓarewa na hannu, aka girka shi a ƙofar gida, maza suka karɓe aikin duk da ladansa. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata daka, keken ɗinki ya sami wuri a zaure. Duk waɗannan dai waje suka tsaya.

Wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya cikin 2001, ita ce ba ta san sallama ba. Dillalin kasuwar 'Yankaba ya iya kiran manomi yana tsakiyar cin tuwo da iyalinsa, a yi cinikin tumatir har miya ta huce. Mai bin bashi ma ya huta da zaman zaure. Matar kulle kuwa gaba ta kai ta, don tana ɗakinta za ta ji farashin gyaɗa, ta yi ciniki da mai sayen mai, ba sai ta hana 'yarta zuwa makaranta ba.