Jan Ido a Kokoro: Nazari kan Cutar Hapis da Haɗarin Maganin Kasuwa

A Kokoro, cikin yankin Kilomita Biyar na birnin Bangi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Hausawa suka daɗe suna kasuwanci, jan ido ba ya kai mutum asibiti da wuri. Akan ce apolo ce, a sayi maganin ɗigawa a bakin hanya. Wani jan idon kuwa na ƙwayar hapis ne, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum biliyan 3.7 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da nau'inta na farko.

Ƙwayar takan shiga jiki tun yarinta, ta laɓe a jijiyar fuska. Zazzaɓi mai zafi, irin na cizon sauro ko ƙyanda, kan tashe ta, haka ma raunin garkuwar jiki. Apolo takan kama ido biyu, ta bi gida. Hapis yawanci ido ɗaya take kamawa, da hawaye da ƙin haske, kuma tana dawowa. In likita ya ɗiga rinin fulorasin ya haska shuɗiyar fitila, sai gyambon ya fito kore shar a kan baƙin ido, da rassa kamar na busasshiyar bishiya.

Babban haɗarin yana cikin kwalaben da ake sayarwa ba takardar likita. Wasunsu na ɗauke da dezametazon, wanda ke kwantar da ja cikin kwana kaɗan, alhali yana karya tsaron ido. Gyambon sai ya faɗaɗa, ya bar hakiya. Maganin gyambon tun yana saman ido shi ne man asikilobir mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, sau 5 a rana. Sai cutar ta nutsa cikin naman tantanin ido ake ba da irin su dezametazon, tare da asikilobir, likita na bibiya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa shan asikilobir miligiram 400 sau 2 kullum na shekara guda ya rage dawowarta daga kashi 32 zuwa 19.

Don haka, a unguwar da rikicin 2013 da 2014 ya raunana kiwon lafiyarta, horar da ma'aikacin asibitin unguwa ya rina ido kafin ya rubuta magani ya fi komai sauƙin kuɗi. Dashen sabon tantani, wanda shi ne maganin hakiya mai kauri, ya fi ƙarfin yawancin mazauna Kokoro.